Karamcin da Ke Mayar wa Ɗana Ƙiba a Suleja

Mun tashi daga Kano ana sallame sallar asuba, ni da wani maƙwabcina da zai wuce Abuja. Hoto ne ya tashe ni. Ɗan ƙanwata da ke Suleja, wanda aka yi wa tiyatar rage ciki a Masar shekarun baya saboda ƙiba da ciwon suga, shi na gani a hoton wani taron suna, wuyansa ya sake cikowa. Bayan tiyatar nan sugansa ya kwanta har ya ajiye allura. Na san in ƙibar ta dawo, ba ita kaɗai za ta dawo ba.

Har Zariya hanya sumul. Bayan Kaduna aka koma hannu ɗaya, mu da tireloli. Na bi titin Alƙahira zuwa Iskandariyya, na bi na Yamai zuwa Doso, ban ga inda ake gyaran hanya ɗaya har yaro ya yi gemu ba sai nan. A Tafa muka tsaya taya doya, kuɗin da mai ita ta faɗa ya sa maƙwabcina ya tambaye ta ko har da gonar.

Suleja ta cika ta batse. Mai keken da ya kai ni Kurmin Sarki da Hausa ya gaishe ni, da Buroka ya zagi wani ɗan acaba, da Turanci ya nemi ƙari. Na tarar da ɗan nawa a ƙofar gida, yana tashi tarbata sai da ya dafa bango.

Abin da ya fara ɗaure mini kai, ba ya cin abinci. Aka kawo tuwon shinkafa, ya yi loma kaɗan ya tsame hannu. Kowa a gidan sai tausayi: “Ai ba ya cin komai.” Da gari ya waye na ga inda matsalar take. Uwarsa, wato ƙanwata, kullum sai ta aiko da fulas ɗin kunun gyaɗa mai zaƙi kamar alewa, shi yake kurɓa a cunkoson Madalla har ya isa ofis a Abuja. Da rana fura da nono. Da yamma shayi da zuma, wai zuma magani ce. An ƙanƙanta masa ciki ya hana tuwo wucewa, dangi sun gano ruwa na wucewa.

Ranar Asabar na bi shi zagayen gaisuwa: ta'aziyya a Maje, barka a Izom, da gidajen da ke tsakani. A Maje gonakin da na sani duk sun zama rukunin gidaje marasa fenti. Amma ba wannan ya tafasa mini zuciya ba. Kowane gida muka shiga, kafin mu gama cire takalmi an dire lemon kwalba mai sanyi, kuma mai gida da hannunsa yake fasa marfin. Da gangan ne. Kwalbar da aka buɗe ba a cewa a ajiye, ba a tafiya da ita, in ka bar ta ka raina mutum. Ina kallo ɗan nan yana shanyewa gida bayan gida, yana murmushi.

A Istanbul in shayi ya ishe ka, cokali kake ɗorawa a bakin kofi, shi ke nan. A Madina girgiza ɗan finjalin gahawa kake yi, mai zubawa ya wuce. Mu da muke tinƙaho da karɓar baƙo ba mu tanadar wa baƙon hanyar cewa ya ƙoshi ba. Sai dai ya sha ko ya yi laifi.

Da muka dawo na tare ƙanwata. Ba ta ko sunkuyar da kai ba.

“Yaya, ba ka nan lokacin da ya dawo daga Masar a rame. Har ɗaki mata suka zo yi mini jaje. Wata cewa ta yi a kai shi gwajin jini. Yanzu da ya yi kyan gani za ka ce me?”

Na ce, “Matan nan su za su yi masa jinya?”

Ta ce ni dai yawo ya ɓata ni.

Ranar Litinin na hana shi zuwa aiki, na tasa shi asibiti. Ashe rabonsa da likita tun da ya ga sikeli ya fara hawa, kunya ta hana shi. Suga ya hau sosai. Da likitar ta sa ya cire safa, sai ga ɗan miki a diddige da bai gaya wa kowa ba, domin ba ya jin zafinsa, irin mikin da kan kai mai suga ga rasa ƙafa. Ta ce dawowar wani abu na ƙiba bayan irin wannan tiyata ba baƙon abu ba ne, kuma ba abin kunya ba, ɓuya shi ne haɗarin. Ta mayar da shi kan magani, ta ce ya riƙa fara cin nama, ƙwai, wake da ganye, ya raba abinci da shan ruwa, ya bar duk abin sha mai zaƙi, in ƙafa ta warke ya kama tattaki. In hakan bai isa ba akwai allurar mako-mako, tiyata ta biyu kuwa sai an rasa yadda za a yi.

A hanyar gida muka biya gaida surukinsa, dattijo mai faɗa a ji a unguwa. Muna zama na ji ƙarar marfi. Na buɗe baki zan yi magana, ɗan nan ya riga ni.

“Baba, a yi haƙuri, likita ta hana.”

“Kwalba ɗaya ce za ta kashe ka? Ko gidana ne ba ka sha?”

Ɗan nan ya sunkuyar da kai, bai miƙa hannu ba. Kwalbar ta zauna tsakaninmu tana zufa har muka yi sallama, dattijon bai raka mu ko bakin zaure ba.

Washegari na kamo hanyar Kano, na iso da la'asar ƙugu na ciwo. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne likitan Masar ciki kaɗai ya iya ragewa, bai taɓa dangi ba, alhali a hannunsu aikin zai lalace ko ya ɗore. Jiya mun yi waya da ɗan nawa, mikin ya fara bushewa, surukin har yanzu ba ya amsa gaisuwarsa da kyau. Na ce masa, bar shi ya yi ta fushi. In ya huce zai same ka da ƙafafunka biyu, ka taka ka je ka ba shi haƙuri.