Kalmar da na haifa a Barnawa

Ƙanshin sabulun rabo ne ya cika layinmu a Barnawa ran nan. Sojoji sun koma bariki, an yi zaɓe, sabon kansilanmu ya zo godiya da kwalayen sabulu. Yana fitowa daga mota iska ta shiga babbar rigarsa, ta kumbura ta har ya kusa tare hanya. Ina leƙe ta taga na ce wa ƙanwata, "Zo ki ga gambulum!"

Ban taɓa jin kalmar a ko'ina ba. Daga bakina ta faɗo, kuma na so ta kamar 'yar da na haifa. Ƙanwata ta kai ta makaranta, 'yan acaɓa suka haye da ita zuwa unguwannin Television da Romi. Kafin damina ta ƙare, duk wanda ya sa rigar da ta fi shi, sunansa gambulum. Kansila kuwa, ko yara sun daina kiransa da wani suna. Babana yana aiki a ofishin ƙaramar hukuma, a ƙarƙashinsa, amma ni wannan bai dame ni ba. Burina kowa ya san ni ce uwar kalmar.

Akwai wani Baba maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin masaƙa, mai zama gindin mangwaro yana faɗa wa mutane asalin kowace kalma, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Wata Lahadi muna dawowa daga coci na ji shi yana wa taro bayani:

"Gambulum? Tsohuwar kalma ce. Tun zamanin Turawa muke kiran babban mutum mai kyauta da ita."

Na kutsa. "Baba, ni fa na ƙirƙiro ta! A tagar can!"

"Ke? Kalmar da ta girmi kakarki? Je ki cire takalmin coci, 'yata, ya matse miki ƙwaƙwalwa."

Aka fashe da dariya. Na kira ƙanwata shaida, ta ce ita ba ta tuna ba. Ashe Baba ya saya mata gyaɗa. Na yi kuka, na daina gaishe shi sai da Mama ta murɗe mini kunne. Abin haushi, ba a jima ba kansila da kansa ya sa aka rubuta Gambulum a bayan motarsa.

Sai bayan Baba maƙwabcinmu ya rasu, ina jami'a, Mama ta gaya mini cewa a makon da Baba ya ƙaryata ni, kansila cikin fushi ya baza yaransa su nemo gidan da sunan ya fito. Baba kuma yana zaune ƙarƙashin tagarmu ranar rabon sabulu, ya ji ni da kunnensa.