Kwandon Kawu Sale

Ina Turai ina wanke-wanke, zamanin da salula ta fara shiga Kura, na kira Kawu Sale maƙeri. Ofishin rajistar ƙirƙira sun dawo mini da hotunan kwandon tumatir na ƙarfe da ya ƙirƙiro. Kwandon kaɗai suke so, gaba da baya, sama da ƙasa.

Shi kuwa kowane hoto yana ciki, da babbar riga, ya rungume abinsa.

Ya ce, "Kai yaro, kwandon ne ya ƙera kansa?"

Na ce, "Kawu, ka fita daga hoton, in ba rajista kowa ya kwaikwaya."

Sababbin hotuna suka iso. Ya fita kam, ya sa Inna matarsa ta riƙe.

Rajista ta sha ruwa, amma na kasa ganin laifinsa. Ku kun gani?