Ranar da Na Amsa Amin a Fulatan

A ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantarmu da ke Karaye, ni ne na fi kowa gajarta, kuma na fi kowa baki. Malamin wasanni ba ya sa ni a fili sai in hadari ya taso kowa ya watse. Don haka na zama ɗan benci, riƙe da tsohuwar wayar yayana, ina ɗaukar masu wasa ina yi musu sharhin da ba wanda ya tambaye ni.

Muna aji biyar aka kawo mana wani dogon yaro daga Fulatan, can ƙasar Rogo. Shiru-shiru ne, ga kunya kamar yana gaban surukai. Amma in ya zo jifa, sai ya tale ƙafa, ya sunkuya ya kai ƙwallo tsakanin gwiwoyinsa, ya cilla ta sama da hannu biyu yadda ake jefa dami a rumbu. Abin haushin, ba ya kuskure. Mu kuwa da muka shekara biyu muna lanƙwasa hannu irin na 'yan talabijin, ƙarfen kwandon kawai muke duka.

Hassada ce ta ci ni, ba sai na ɓoye ba. Na ɗauke shi yana jifan nan, na tura guruf ɗin ajinmu, na rubuta a ƙasa cewa kaka ta yi, an fara shigar da dawa. Kafin la'asar wani ya ɗora kukan saniya a kai. Kafin Juma'a bidiyon ya fi ƙarfinmu, ya shiga wayoyin mutanen da ko hanyar Karaye ba su sani ba, kowa yana tofa tasa: baƙauye, a mayar da shi ruga, wa ya ba makiyayi ƙwallo. Yaran firamare in suka hango shi sai su tale ƙafa su sunkuya. Ranar Litinin aka wayi gari ya tattara kayansa daga gidan kawunsa ya koma gida.

Saura kwana goma mu kara da 'yan Rogo, kuma in babu shi zuwa kallo za mu yi. Malamin wasanni bai wahalar da kansa da bincike ba. Kunnena ya kama ya ce, "Kai ka kore shi, kai za ka je ka dawo da shi."

Ranar Asabar na hau acaɓa har Fulatan. Na tarar da kakarsa a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, shi kuma yana gefe yana tufka igiyar maraƙi. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi malamai, ta tambayi damina, sannan ta dire min ƙwaryar fura da nono.

"Kai abokinsa ne, ɗan nan?"

"Ni ne, Inna."

"Allah ya yi maka albarka. Duk makarantar kai kaɗai ka tako. Ka ga abin da wani ɗan banza ya yi masa? A kasuwa aka nuna min, ni da ko waya ban iya riƙewa ba."

Sai ta ajiye gyaɗar ta ɗaga hannu sama. "Wanda ya ɗauki hoton nan, Allah ya jefa wayarsa rijiya."

Ta juyo tana jirana. Na ce, "Amin."

"Allah ya sa shi ma a yi masa dariya a tsakiyar kasuwa."

"Amin, Inna."

"Allah ya tsayar da shi inda yake, kada ya ƙara ko taƙi ɗaya."

A nan na ƙirƙiro tari. Ta tsare ni da ido har ya ƙare, dole na amsa da fura a bakina. Tun daga ranar tela bai sake canza awon wandona ba.

Jikan ya rako ni bakin hanya. Na fara jawabin da na haddace a kan acaɓa, cewa malam yana gaishe shi, ƙungiya tana jiransa, kuma duk wasa ne irin na abokai. Ya katse ni.

"Na san kai ne. Dariyarka ce a ciki."

"To me ya hana ka gaya mata?"

"Baƙonta ne kai, kana shan furarta."

Da ya mare ni da ya fi min sauƙi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Na zaro wayar, na nemo bidiyon, na goge shi a gabansa, na miƙa masa ya duba da kansa.

"Ka gani? Babu shi. Don Allah ka dawo Litinin."

Ya duba wayar, sannan ya mayar min da ita da hannu biyu.

"Wannan naka ne ka goge," ya ce. "Na sauran mutane fa?"

Na cusa wayar a aljihu. Ya ce in gaida malam, ya juya ya bi hanyar gida. Litinin ta zo ina ta duban ƙofar makaranta har aka tashi, bai shigo ba.