Farashin Gobe a Sashen Fiziks

Har yau ban manta da ranar da ɗalibata Ngozi ta gabatar da bincikenta na digiri na biyu a sashenmu na fiziks a Samaru ba. Haihuwar Sabon Gari ce, Hausarta ta fi tawa daɗi. Ga wanda bai san tsarin ba: kafin a gayyato mai jarrabawa daga waje, sai ɗalibi ya tsaya gaban malaman gida. In sun ce a'a, sai baɗi. Mai duba aikin kuwa, wato ni, nasa zama ne da shiru.

Lissafin da muke yi wa ƙwayoyin iska masu karo da juna ta ɗauko, ta gwada a kan farashin hannun jari. Ta nuna cewa mummunar faɗuwa tana zuwa fiye da yadda tsohon lissafi yake zato, domin masu saye da sayarwa kallon juna suke yi, ba kowa ke harkar gabansa ba.

Babban farfesanmu, wanda ya tsufa yana koyar da rugujewar ƙwayar zarra, ya cire tabarau.

"Yarinya, duk na ji. Gobe nawa hannun jarin banki zai kai?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"To wannan ai ba fiziks ba ne, hirar bakin kasuwa ce."

Kowa ya gyaɗa kai, don a ɗakin nan ba a musu da Farfesa. Ga shi kuwa an yi mata alkawarin aiki a Kaduna, wanda ba zai jira baɗi ba.

Ta ɗan rusuna. "Ranka ya daɗe, a aji biyu kai ka koya mana cewa ba wanda ya san wace ƙwaya ce za ta ruguje gobe, amma an san lokacin da rabin tarin zai tafi. Tunanin da na ara ke nan: ban san farashin gobe ba, amma na san yawan zuwan faɗuwa."

Ya daɗe yana goge tabarau. "Ashe akwai mai saurarona a aji biyu." Ya ce aiki ya wuce. Kawunan nan suka sake gyaɗawa da irin ƙarfin ɗazu.

Da aka tashi ya tare ni a baranda, ya rage murya. "Malam, tsakaninmu, ba ta gaya maka ko in sayar da nawa hannun jarin ba?"

Shi ya sa nake gaya wa sababbin malamai su koya wa ɗalibi faɗin "ban sani ba" da hujja a bayanta. Amma kada su zaci mutane za su daina zuwa neman a duba musu gobe, ko da su ne suka koyar da darasin.