Ƙarshen Fim ɗin Direban Jirgi

Wasu awaki suke tarawa, wasu filaye, ni kuwa tun ina sabon malami a Kafanchan fina-finai na sa a gaba. Na fara da kaset, na koma faifan sidi, har ɗakinmu ya zama sai an karkace ake wucewa. Matata ta sha cewa da ana dafa su a ci, da ba mu taɓa sayen doya ba. Na Indiya, na 'yan Sin masu tashi sama, na Kano, na Legas, har da na Littafi Mai Tsarki da ake haskawa a majami'a lokacin Ista, babu wanda ban ajiye ba. A duk tulin nan guda ɗaya ne ba nawa ba, kuma shi ne na Baba.

Mahaifina ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa yana saurayi, zamanin da Kafanchan take amsa sunanta. Wata ranar hutu ya shiga silima ya kalli wani fim na Indiya. Labarin wani direban jirgi ne da ya bar matarsa a ƙauye da ciki, ruwa ya cinye gada a gabansa, shi kuma bai sani ba. Jirgin ya doshi gadar ke nan, 'yan kallo sun miƙe tsaye, sai aka taɓa kafaɗar Baba aka ce ana nemansa a tasha, wani bai zo aiki ba. Kafin ya sake samun hutu an canza fim. Bai san sunansa ba, bai jin Indiyanci, kuma da wannan guntun labarin ya rene mu. Yakan kawo mu har bakin gada, sai ya tafa hannu ya ce daga nan aka kira shi.

Na yi shekaru ina koyarwa kafin in ci karo da shi a kasuwar Kafanchan, cikin faifan da ake zubewa a kan buhu. A jikin kwalin hoton 'yan kokawa ne, abin da na saya ke nan. Da na sa a gida sai ga direba da tawul a wuya, ga mace mai ciki tana ɗaure akuya, daidai yadda Baba yake faɗa. An datse farkon, babu suna babu komai, hoton kuma ya dushe don daga tsohon kaset aka kwafo shi. Na ɗauki alƙalamin maka na rubuta "Na Baba" a kai, na yi ta washe baki har matata ta tambaya ko ƙarin girma aka yi mini.

Da Kirsimeti na kai masa ƙauyenmu, can bayan Kagoma. Yana ganin tawul ɗin ya gane mutuminsa. To amma a wurinmu dattijo ba ya zama yana kallo baƙo na tsaye a ƙofa, Baba kuwa dattijon majami'a ne, gidansa ba ya rabo da masu gaisuwa. Da an yi sallama sai a kashe, a tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta yi aure a Jere. In baƙo ya tafi, Baba ba ya yarda a ci gaba daga inda aka tsaya, wai ba a shiga jirgi a tsakiyar daji, sai a koma farko. Fim ɗin Indiya kuwa kun san tsawonsa. Wata shekara man janareta ya ƙare, wata shekara aka yi rasuwa a makwabta, wata shekara sabon fasto ya zo da iyalinsa gaba ɗaya. Baba bai damu ba. Ya ce tunda abin yana hannuna ai yana gida, babu gaggawa.

Ana nan sai damina ta fara yi mini ɓarna. Danshi ya kama faifai, gara ta ci katakon da nake jera su. Wani abokin aikina ya nuna mini ma'ajiyar nan ta intanet da suke kira kilawud, inda mutum zai zuba kayansa ya buɗe su daga ko'ina da waya. Dogon hutu guda na kashe ina kwafewa ina turawa. Da na gama sai na zama mai wa'azi. Duk wanda ya zauna kusa da ni a mota sai ya ji cewa wuta ba ta cin wurin nan, ɓarawo ba ya hawa, gara ba ta san hanya ba. Faifan kuwa na ɗure su a buhu na aika wa ƙanena a ƙauye, wanda ya daɗe yana roƙona su don ya rataya a gonar acca, ƙyallinsu na korar tsuntsaye. Na Baba ma yana cikin buhun, don a ganina ya gama aikinsa.

Wa'azi kuwa yana da lada. Labari ya kai ga dangi cewa ina da wani wuri a sama da ba ya cika. A gidanmu ba a kulle wa ɗan gida rumbu. Ka hana ɗan'uwa wurin ajiya, za ka ji sunanka a taron dangi, a bakin wata gwaggo da ba ta ma da waya. Wadda ta fara zuwa ita ce Yaya, babbar yayarmu da ke aure a Zonkwa, mai ba da waƙa a zumuntar mata, wadda wayarta kullum a cike take da bidiyon taro. Na ba ta kalmar sirrin, na nuna mata yadda ake turawa. Ta ce ita fa ba ta gane ina abin yake tafiya ba. Ni kuma, malamin makaranta, gwanin misali, na ce mata ta ɗauka rumbu ne kawai, namu na gida. Ta ce to yanzu ta gane sarai.

A daminar da ta biyo idon Baba ya fara rufewa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, an makara, ɗan hasken da ya rage ma tafiya yake yi. Baba bai yi wata doguwar magana a asibiti ba. Bayan 'yan kwanaki ya sa ƙanena ya kira ni, ya karɓi wayar ya ce in zo ranar Asabar da fim ɗin direba. Wannan karon zai rufe ƙofa, ko sarki ne ya zo a ce masa ba ya nan. Yana so ya ga ko mutumin nan ya tsaya kafin gada, tun idon na gani. Na ce masa ya kwantar da hankali, abin yana wurin da ba ya ɓata.

A ƙauyenmu ba a samun netwok sai an hau dutsen bayan firamare, don haka da safiyar Asabar na zauna in sauke fim ɗin a waya kafin in kama hanya. Na rubuta "Na Baba", babu. Na bi jerin daga sama har ƙasa, babu. 'Yan Sin suna nan suna tashi sama, 'yan Legas suna nan. Ga kuma sababbin baƙi, taron zumuntar mata na shiyya, waƙa ɗaya an ɗauko ta daga gabas, an ɗauko daga yamma, an ɗauko daga bayan mai ganga. Sai na tuna akwai kwandon shara inda abin da aka goge yake ɗan jira kafin ya tafi. Na buɗe shi na tarar da shi fes.

Na kira Yaya. Da murnarta ta ɗauka, ta ce dama tana jira in lura. Tun watan jiya abin ya rubuto mata cewa wuri ya cika, ga kuma bidiyon taro na jira. Ita kuwa ba a haife ta jiya ba, ta san ba a zuba sabon hatsi a kan tsoho. Ta zauna ta buɗe su ɗaya-ɗaya, masu kyau ba ta taɓa ba, sai waɗanda suka dushe suna yayyafi, waɗanda da gani ƙwari sun gama da su. Sunayen ba ta tsaya karantawa ba, tabaraunta ya karye. Na tambaye ta kwandon fa.

Ta ce, "Haba ƙanena, wa ke share ɗaki ya bar shara a bakin ƙofa?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma wa zan yi wa faɗa? Matar da ta goye ni ce, kuma abin da mahaifiyarmu ta koya mata ta yi, a rumbun da ni na ce mata rumbu ne. Da na faɗa mata wanda ya tafi a cikin sharar, sai na ji tana kuka tana kiran sunan Ubangiji.

Na shiga bas, na sauka na hau acaba, ban bi ta gida ba na wuce gonar ƙanena. Ga dukiyata nan a kan sanduna, tana juyawa tana ƙyalli daga wannan kunya zuwa waccan. Ƙanena ya ce bai taɓa ganin abin da tsuntsaye ke tsoro kamar fina-finaina ba, har makwabta na tambaya ko da saura. Muka bi sanda-sanda muna dubawa. Rana ta shanye rubutun yawancinsu. A can ƙarshen gona muka sami wanda ke da ɗan saura na rubutuna, ruwa da rana sun ɓare bayansa, na ɗaga shi ina hango ƙanena ta cikinsa. Na hau dutsen firamare na yi ta tambayar intanet fim ɗin Indiya mai jirgi da gada. Ashe Indiyawa ba su da aiki sai karya gada a gaban jirgi, amma babu mai tawul a wuya.

La'asar ta yi kafin in shiga gida. Baba ya yi wanka ya sa rigarsa ta zuwa sujada. An cika janareta da mai, an jawo kujerarsa dab da talabijin har gwiwarsa na taɓa teburin. Ƙofar gida a rufe, kuma matar ƙanena ta riga ta sallami masu gaisuwa da cewa ya yi tafiya. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya sa an yi ƙarya da sunansa ba sai ranar.

Na durƙusa na faɗa masa komai, ban ambaci Yaya ba, na ce a wurin gyara ne ya salwanta. Ya tambaya ko ɓarayi ne, na ce a'a. Ya tambaya ko faifan yana nan, na ce yana gona. Ya ɗan yi dariya ta hanci, ya shafa gwiwarsa, ya daɗe yana fuskantar talabijin ɗin da ba a kunna ba. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Na ce, "Baba, ni na kalle shi har ƙarshe. Bari in faɗa maka yadda aka yi."

Ya ɗaga hannu. "A'a. Gani na ce zan yi. In da ji ne, ai da tuni na tambaye ka."

Daga nan ya ce a buɗe ƙofa, kada a bar mutane suna komawa, kuma a juye man janaretan a ba ƙanena ya sa a babur.

Idon ya rufe gaba ɗaya kafin a haƙa citta. Yanzu sai an riƙe masa hannu yake zuwa majami'a, kuma da murya yake gane mu. Har yau in na je gida, bayan ya tambayi matata da yara da aiki, sai ya sassauta murya ya ce ko na samo, ni kuma in ce masa ina kan nema.