Kwalbar da Surukina Ya Miƙo Mini

Shekarar da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Benin, manyan motoci suka yi ta kwana a bakin hanyar Gaya, ni ne mai kula da injin ban ruwa na ƙungiyarmu ta manoman shinkafa, can wajen Tounouga a bakin kogi. A lokacin ban iya karatu ba. Daga baya ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma da hannuna nake rubuto muku wannan, a hankali, sai a yi haƙuri da ni. An ba ni aikin ne don ba ni da gaggawa, kuma ba a taɓa jin na ɗaga wa wani murya ba. Ban san wannan halin ma yana da nasa ciwon ba.

A shekarar gazuwal, wato man da injin ke sha, ya yi wuya. Wanda ake samu yakan shigo ta hanyoyin daji da kwale-kwale, kuma wasu sukan haɗa shi da kananzir, wani ma har da ruwa. Saboda haka masu taimaka wa ƙungiyarmu suka kawo mana wata 'yar na'ura da ba ta fi rediyon aljihu girma ba. Ana zuba mai a siririyar kwalba a sa a cikinta, haske ya ratsa man, wani ido da ke ɗaya gefen ya duba yadda hasken ya fito. Idan man na kirki ne fitila kore ta kama, idan gauraye ne ja. Injiniyan da ya koya mini ya maimaita abu ɗaya har na gaji da ji: in ɗebo man da kaina, daga kowane tano, wato babbar gangar mai, kuma in zura tiyo har ƙasa, domin ruwa ƙasa yake kwanciya. Ya ce na'urar ba ta ƙarya, amma abin da aka sa mata a gaba kaɗai take gani.

Da shinkafar rani ta yi ciki, lokacin da ba ta jure ƙishi, manmu ya kusa ƙarewa. Sai labari ya zo cewa mahaifin matata ya samo tano uku na gazuwal, suna gidansa da ke Gaya. Dattijo ne da ya ba ni 'yarsa lokacin da ba ni da komai sai fartanya. Ko sunansa ba na faɗa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Na je na durƙusa a zaure muka gaisa, ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga na fito da na'urar sai ya yi dariya, ya ce ashe zamani ya kai ana haska wa mai fitila kamar ana neman kunama a ɗaki. Wani abokinsa da ke zaune tare da shi ya ce ai gara a haska, kada a ce tsoho ya sayar wa surukinsa ruwan kogi. Suka yi ta dariya, ni kuma kaina na ƙasa. Daga nan tsohon ya jawo wata kwalba daga bayan tabarma ya miƙo mini, ya ce ga shi, ɗana, haska ka gani. Tanonin suna tsakar gida, ina hango su ta ƙofa, tiyon kuma yana cikin jakata. In tashi in wuce in buɗe kayansa a gaban baƙo, bayan ya ba ni da hannunsa? Na bar tiyon a jaka. Na zuba man kwalbar, fitila kore ta kama, abokin ya nuna na'urar ya ce wa tsohon to, malamar ta wanke ka. Na ɗora tanonin a amalanke, na gaya wa shugaban ƙungiya cewa na gwada, mai lafiya lau ne.

Da farko injin ya yi aiki ba laifi, domin man sama muke zuba masa. Da muka kai ƙasan tano sai ya soma tari, yana fitar da farin hayaƙi. Na ɗauka datti ne, na wanke matatar man injin, na ƙara masa daga tano na biyu. Wata safiya ya tsaya cak. Bakanike ya kwance shi, ya nuna mini tsatsa a kayan da ke fesa mai, ya tambaye ni ko kunu nake ba shi. Ya ce sai an samo sababbi daga Yamai. Kafin su iso, zafin bazara ya gama aikinsa. Mun ɗebi ruwa da bokiti, maza da mata, amma bokiti ba ya shayar da fadama. Shinkafar ta fitar da kai, kan ya fito fari, holoƙo, babu ƙwaya a ciki.

A taron ƙungiya shugaba ya sa aka zura tiyo ƙasan tano na uku a gaban kowa, fitila ta kama ja. Wasu suka ce na'urar ce ta lalace, a mayar wa masu ita. Da na yi shiru da maganar ta tsaya a nan. Na tashi na faɗi yadda aka yi. Ba wanda ya zage ni. Wata bazawara da ke da fili kusa da nawa ta ce kawai, da ma na ji kunyar 'ya'yanta kamar yadda na ji ta surukina. Aka karɓi na'urar aka ba wani.

Har yau ban san ko tsohon ya san abin da ke cikin tanonin ba. Matata ta ce shi ma kwalbar ba shi aka yi a inda ya saya, kuma na yarda zai yiwu. Ban tambaye shi ba. Amma tun daga nan, idan na je gaisuwa sai a ce ya fita, ko da takalmansa suna bakin ƙofa.

Abin da na koya shi ne, kunya tana da kyau idan kayanka kaɗai za ta ci. Idan amanar mutane ce a hannunka, ba ka da ikon yin kara da ita. Duk wanda aka ba irin wannan aiki, ya ɗebi man da hannunsa, daga ƙasa, ko na wane ne. In ba zai iya ba, ya aiki wanda ba suruki ba. Da na zura tiyon nan, da tsohon ya yi fushin mako guda ya huce.

Abin da ya tafi kuwa shi ne: inji ɗaya, shinkafar rani ta gida goma sha tara, aikina, da wurin zamana a zauren nan, wanda don kada in rasa shi na bar tiyon a jaka.