Shekara Tara Ba Sabi'u, Likitan Guba

Bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena, Dakta Sabi'u. Ni ce babbar yayarsa, a ɗaki ɗaya muka tashi a Kiru, kuma har yau ban saba faɗin “marigayi” kafin sunansa ba.

A sashen gaggawa na wani babban asibiti a Kano ya yi aiki, inda ake kai wanda ya yi haɗari ko maciji ya sara. Daga baya ya ƙaro karatu a kan guba. Ban gane amfanin wannan karatu ba sai wata damina da ya zo gaida Inna, mahaifiyarmu.

Da hantsi aka kawo maƙwabcinmu Malam Idi daga gonarsa ta Ba'awa a kan acaɓa. Yawu na dalala, gumi ya jiƙa shi sharkaf, numfashi sai da ƙyar. Wasu suka ce iska ce. Wata tsohuwa ta taho da madara da manja za ta ɗura masa. Sabi'u ya durƙusa, ya buɗe idon mutumin, ya sansana rigarsa.

Ya ce, “Iya, don Allah ki yi haƙuri, kada a ba shi komai. Maganin feshi ne ya shige shi ta fata.”

Ya zura hannuwansa a leda, ya tuɓe masa riga, ya wanke shi da sabulu, sannan ya ɗauke shi a motarsa zuwa asibiti. Bai bar gefen gadon ba sai da numfashin mutumin ya daidaita. Malam Idi ya tashi, ya ci gaba da nomansa. Tun daga nan, duk Juma'ar da Sabi'u ya zo gida sai ya nemi izinin liman ya yi wa manoma magana bayan salla.

Da zai ga yau, na san ransa zai ɓaci. A Tudun Wada da Doguwa har yanzu ina ganin masu feshi ba takunkumi, ina ganin ana zuba ruwan sha a jarkar magani. Amma zai ji daɗin cewa a unguwarmu an daina ɗura wa mai guba manja.

Lokacin da rikici ya raba mutanen arewa maso gabas da gidajensu, ya ce zai tafi aiki sansanin 'yan gudun hijira. Na ce, “Sabi'u, 'ya'yanka ƙanana ne, Inna ta tsufa.”

Ya ce, “Yaya, wallahi ni ma ina jin tsoro. Amma can ma akwai ƙanana da tsofaffi, ba su da likita.”

Na yi fushi, ko tasha ban raka shi ba. Bayan wata huɗu aka dawo da shi da zazzaɓin da ya ɗauka wurin jinyar marasa lafiya. An killace shi, ta gilashi kawai na gan shi. Ya ɗago mini hannu, na ɗaga masa. Sallamarmu ke nan.

Bai bar gida a birni ba, bai bar suna a jikin wani gini ba. Ya bar mutanen da ke numfashi, waɗanda yawancinsu ban san su ba. Ni kuwa na daɗe da daina ganin laifinsa. Da za a maimaita ranar nan, zan sake roƙonsa ya zauna, shi kuma zai sake ƙi. Amma da ni zan ɗaukar masa jaka har tasha.

Allah Ya haskaka kabarinka, Sabi'u.